Kwamfuresar gas ta fara zafi da ƙwanƙwasa bayan mun mayar da ita, ina kuskuren yake?

Ɗan Koyo, Kogi

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena a wannan sana'a. Ina roƙon a duba mini wata matsala da ta hana ni barci tun shekaranjiya.

Ni mutumin Kano ne. Gyaran manyan janareto na dizal na koya, sai bayan an cire tallafin fetur a 2023, da harkar CNG, wato gas ɗin da ake matsewa a zuba wa motoci, ta buɗe, maigidana ya taho da ni wata tasha a jihar Kogi inda ake ɗura gas a tireloli. Kwamfuresa biyu gare mu, masu fistin, wutar lantarki ce ke juya su. Kowace tana da hannu biyu a kwance, ɗaya dama ɗaya hagu, da matakai huɗu na matsa gas. Hannu na farko yana ɗauke da mataki na ɗaya da na uku, hannu na biyu kuma na biyu da na huɗu. Gas yana shigo mana daga bututu a kan matsin bar 10, mu fitar da shi a kan bar 250.

Ɗaya daga cikinsu ta cika awa 8,000, sai muka sauke ta. Mun cire bawul-bawul duka, mun zaro fistin biyun da sandunansu, mun sa sababbin ringi, mun canja fakin da ke tare gas a jikin sanda, da ringin da ke goge mai. Karanshaf da metal, wato beyarin da yake juyawa a kai, ba mu taɓa su ba. Muna tsakiyar mayarwa aka kira maigida an yi masa rasuwa, ya kama hanyar gida ya bar ni da yara biyu, ya ce in ƙarasa. Tireloli kuwa sun yi layi har bakin titi, kwamfuresa ɗaya ce kaɗai ke ɗaukar aikin, kowa idonsa a kaina.

Na ƙarasa, muka tayar. Awa ɗaya ba ta cika ba na ga abubuwa uku. Gejin fitar mataki na biyu da na saba gani a 52 ya hau 63, na mataki na uku kuma ya ɗan sauko daga 114 zuwa 109. Zafin fitar mataki na uku da ke tsayawa a wajen digiri 110 ya kai 138 yana ci gaba da hawa. Sannan bututun da ke kwashe yoyon fakin na hannu na biyu ya yi zafi har ba ya taɓuwa, ina jin gas yana huci ta can sama. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wata ƙwanƙwasa siririya a hannu na farko, wadda babu ita lokacin da injin yake da sanyi, sai da ya ɗau zafi ta fito. Nan take na kashe.

Bawul ɗin sababbi ne daga kwali. Sandar fistin kuwa, da za mu kwance ta daga kuroshed, wato ƙarfen da ke zamewa gaba da baya yana tura ta, na ƙirga zagaye nawa ta yi, da zan mayar na ƙirga daidai hakan. Shugabannin tasha suna cewa in sake tayarwa, wai sababbin kaya ne za su zauna da kansu. Zuciyata ba ta yarda ba. Ta ina zan fara?

Tsohon Hannu

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan wanda ya rasu, ya ba maigidanka haƙuri. Kashewar da ka yi ita ce daidai, kuma kada ka sake tayar da ita don wani ya matsa maka. Ringi sabo yana zama da kansa, wannan gaskiya ne, amma ƙwanƙwasa ba ta zama. Na shekara kusan talatin a tashoshin gas na yankin Warri da Fatakwal, ban taɓa ganin ƙarfen da ke bugun ƙarfe ya daina don an ba shi lokaci ba.

Kafin sifana ta taɓa ko da noti ɗaya: rufe shiga da fita, sauke matsin kowane mataki, kashe wuta ka sa kwaɗo a kan makunnin, makullin yana aljihunka. Duk da haka kada ka yarda da geji ya nuna sifiri. Gas yakan maƙale a bayan murfin bawul. Ka sassauta notocin murfin kaɗan-kaɗan, ka ɗaga shi har zoben robar ya saki alhali notocin suna nan a kan zarensu, sai ka tabbatar babu huci sannan ka cire su gaba ɗaya. Murfin da bar 100 ke bayansa harsashi ne.

To, mu zo kan geji, don ya riga ya faɗa maka inda ciwon yake. A injin mai matakai, idan matsi ya taru a tsakanin mataki biyu, mai laifin shi ne na gaba, wanda ya kasa kwashe abin da aka miƙo masa. Na biyu ya hau 63 saboda na uku ba ya sha yadda ya kamata. Zafin 138 kuma ya ƙara nuna shi: gas ɗin da aka riga aka matsa ya yi zafi yana komawa baya, a sake shan sa, a sake matsa shi, zafi kan zafi. Da a ce mataki na ɗaya ne ke yoyo, da ka ga gejin duka sun sauka ƙasa. Saboda haka ka nufi bawul ɗin mataki na uku, musamman na sha. Ina ma a ce ka ɗora bayan hannunka a kan murafunsu kafin ka kashe. Murfin bawul ɗin sha sanyi gare shi, duk wanda ka ji da ɗumi shi ne ke mayar da gas. A ƙa'idar API 618, wato kundin ƙa'idojin ƙera kwamfuresa masu fistin, digiri 150 ne iyakar zafin fita da ake tsara irin waɗannan injuna a kai, kai kuma kana 138 yana hawa.

Ka ce bawul sababbi ne. Sabon bawul ba ya hana yoyo idan zamansa bai yi ba. Ka zaro shi ka haska ramin da tocila, ka duba gasket ɗin ƙarfe da bawul ke zama a kai. Abu uku na sha gani: an manta ba a sa ba, an mayar da tsoho, ko kuma tsohon ya lafe a gindin ramin ba a gan shi ba aka ɗora sabo a kansa. Tsohon gasket yakan daddale ya yi launi ɗaya da silinda, sai ka sa farce ko siririyar tagulla kafin ka gane yana nan. Wannan gasket sau ɗaya ake amfani da shi. Sannan notocin murfi, da me ka ɗaure su? Murfin ne ke danne bawul a mazauninsa. Idan an ɗaure da ƙiyasin hannu, ko an gama ɗaure gefe ɗaya kafin ɗaya gefen, bawul zai riƙa rawa a ramin, kowace tafiyar fistin ya ɗaga ya faɗo. Wannan kaɗai ya isa ya ba ka ƙwanƙwasa da yoyo a lokaci guda. A shafa wa zare man da littafin injin ya ce, a ɗaure da sifanar awo, a gicciye, a hawa uku har a kai adadin.

Ka kuma tabbatar ba a yi musanya ba. Bawul ɗin sha yana buɗewa zuwa cikin silinda, na fita yana buɗewa zuwa waje. Ka sa ɗan itace mai tsabta ka danna farantin ka ga inda yake tafiya, kada ka dogara da rubutun kwali. Masu ƙera injin suna ƙoƙarin yin su yadda ɗaya ba zai shiga ramin ɗaya ba, amma a ƙananan injuna na ga inda suka shiga.

Yanzu maganar ƙirga zagaye. Nan ne gabana ya faɗi. Ƙirga zagaye tana kai ka kusa, amma rabin zagaye a zaren sandar nan ya isa ya ɓata ratar fistin. Fistin yana buƙatar rata a ƙarshen tafiyarsa ta gaba da ta baya, kuma ba a raba ta biyu daidai. Idan inji ya ɗau zafi sanda tana miƙewa, kuma gaba take miƙewa, wajen kan silinda, tunda bayanta a ɗaure yake da kuroshed. Shi ya sa tsohuwar ƙa'ida ta ce kashi biyu cikin uku a gaba, kashi ɗaya a baya. Ainihin adadin naka yana cikin littafin injin, wani lokaci ma an buga shi a farantin da ke jikin silinda. Ƙwanƙwasar da ba ta fitowa sai da zafi, ita ce irin ta fistin da ya fara sumbatar kan silinda. Awon ba shi da wuya. Cire bawul ɗaya a kowane ƙarshe, zura wayar dalma mai laushi ta ramin, a juya injin da hannu har fistin ya latse ta, ka zaro ka auna kaurinta da maikuromita. Ko ka sa fila-geji, siraran ƙarafan nan na auna rata, idan hannu zai kai. Ka yi wa hannayen biyu, ka rubuta.

Dalilin da ya sa na ce kada a sake tayarwa ya wuce ƙwanƙwasa. Fil ɗin da ya haɗa kuroshed da kwanrod, sandar da ke zuwa daga karanshaf, ba ya samun mai sai idan nauyi yana juyawa, a tura shi sannan a ja shi a kowane zagaye, domin a lokacin juyawar ne ƴar rata ke buɗewa mai ya shiga. Idan bawul ya lalace, matsin matakai ya birkice, nauyin yana iya tsayawa gefe ɗaya. Cikin ƴan mintuna bushin ɗin ya bushe ya ƙone. Na taɓa kwana huɗu ina fitar da kuroshed da ya narke a mazauninsa, asalin abin kuwa bawul ɗaya ne da aka ce a lallaɓa har safiya.

Injiniya, Kaduna

Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Baba ya gama maganar bawul, ni fakin zan taɓa, don aikina ke nan na duba injuna bayan gyara.

Hawan matsin mataki na biyu zai ƙara wa fakin ɗin hannu na biyu nauyi, amma daga 52 zuwa 63 bai isa ya sa bututun yoyo ya ƙi taɓuwa ba. Akwai abin da ya faru wajen haɗawa. Tambayata ta farko: da za ka zura sandar ta cikin fakin, ka sa mata hular nan mai santsi da ke rufe zaren? Ringin fakin yawanci na wata irin roba ne, PTFE ko PEEK, wani da tagulla a bayansa, kuma zaren sanda kamar zarto yake a wurinsu. Wucewa ɗaya ba hula ta isa ta yi musu zane, gas kuma zane ɗaya yake nema.

Ta biyu, fuskar ringin. Fakin jerin kofuna ne, a kowane kofi ringi biyu ne ko uku suke aiki tare. Mai yanka miƙaƙƙe, wanda tsagarsa ta nufi tsakiyar sanda, shi ne ke fuskantar matsi, wato ɓangaren silinda. Mai yanka a karkace yana bayansa, shi ne ainihin mai rufewa, na gaban yana toshe masa tsagoginsa. Idan aka juya su, gas zai bi ta tsaga ya wuce abinsa. Akwai haruffa ko ɗigo a jikin kowane yanki, su ma ɓangaren matsi suke kallo, kuma dole alamomin yankunan su haɗu da juna. Kofunan ma a jere suke da lamba, domin ramin mai da ramin yoyo su dace daga farko har ƙarshe. Kofi ɗaya ya juya, mai ba zai kai ba. Kafin ka rufe, ka tabbatar ringin suna motsi a cikin kofi da yatsa, ba su matse ba, don suna kumbura da zafi fiye da ƙarfe nesa ba kusa ba.

Idan ka zaro sandar, bi ta da farce a inda fakin ke gogawa. Duk zanen da ya kama farce zai ci sabon ringi. Bayan ka mayar, ɗora agogon awo a kan sandar kusa da fakin, sau ɗaya a sama sau ɗaya a gefe, a juya injin da hannu ka ga nawa allurar ke kaɗawa daga wannan ƙarshe zuwa wancan. API 618 ta sa iyakar kaɗawar gefe a milimita 0.064, ta sama kuma tana bin tsawon tafiyar fistin da ratar silinda, sai ka duba littafinka. Idan ta yi yawa, sau da yawa notin kuroshed ne ya zauna a karkace ko datti ya shiga fuskarsa. Ka auna kafin ɗaure notin da bayan ɗaurewa, za ka ga bambancin. Ka kuma gwada fila-geji na milimita 0.04 a ƙarƙashin kuroshed ta kusurwa huɗu. Bai kamata ya shiga ba.

Sai mai. Ka cika layukan man silinda da fakin da famfon hannu har mai ya fito ba kumfa kafin ka ɗaura su? Layin da aka kwance iska ce a cikinsa, kuma famfon nan ɗigo-ɗigo yake turawa, zai iya ɗaukar lokaci mai tsawo kafin ɗigon farko ya isa sanda. Duk wannan lokacin fakin a bushe yake gudu. Masu ƙera injuna irin su Ariel suna cewa a ƙara yawan man kusan ninki biyu a awa 200 na farko bayan sa sababbin ringi, sannan a mayar da shi yadda yake.

Bakanike, Damagaram

Salamu alaikum. Abin da zan ƙara kaɗan ne. Mu nan ƙura ce babbar abokiyar gabarmu, kuma yanzu lokacin hunturu ne, na san ta kai har wajenku. Kada ka bar silinda ko fakin a buɗe ka tafi salla ko cin abinci, ka toshe kowane rami da tsumma mai tsabta marar zare, ka ƙirga tsummokan da ka sa ka ƙirga waɗanda ka cire. Fakin a kan tebur cikin ɗaki ake haɗa shi, ba a ƙasa gefen inji ba. Ka wanke lagireton sanyaya gas ɗin ma, in ƙura ta toshe shi duk matakan za su yi zafi. Ka kuma zubar da ruwan tukwanen tacewa, don fistin ba ya iya matsa ruwa, shi ma yana kawo bugu.

Bawul kuwa ni kananzir nake zuba masa a kan tebur in ga ko zai ɗiga.

Tsohon Hannu

Malam na Damagaram, maganar ƙirga tsumma ta yi kyau ƙwarai, na taɓa ciro guda daga cikin bawul ɗin sha. Kananzir ma muna yi, yana nuna farantin da ya fashe ko mazaunin da ya ci. Sai dai yaron nan ya sani gwajin tebur ba zai nuna masa yoyon gasket ba, tunda wannan a cikin ramin silinda yake faruwa. Kuma a busar da bawul ɗin sarai kafin a mayar.

Ɗan Koyo, Kogi

Allah ya saka muku da alheri, Baba, Yaya Injiniya da Malam. Na nuna wa shugaban tasha abin da kuka rubuta, musamman maganar fil ɗin kuroshed, ya ba ni kwana biyu. Na kuma kira maigida na karanta masa, ya ce in bi shi ɗaya bayan ɗaya.

Baba, kamar kana wurin. A ramin bawul ɗin sha na mataki na uku gasket biyu na tarar. Tsohon ya manne a gindi, sai da na sa tagulla na ɓamɓaro shi, sabon kuma ya lanƙwashe a gefe ɗaya, ga baƙin zane inda gas ya riƙa bi. Ɗaya daga cikin yaran ne ya sa wannan bawul, amma ni ne ban haska ramin ba kafin in ba shi, kuma ni na ɗaure murfin da sifana ta hannu saboda sifanar awon tana cikin motar maigida. Yanzu na aro wata na sake bin murafun duka goma sha biyu.

Da na latsa dalma a hannu na farko, gaba ta ba ni milimita 1.1, baya 1.9. Littafin ya ce baya 1.0, saura a gaba. Wato na juya su ke nan. Da na haska kan silindar mataki na uku na ga wani ɗan zobe mai sheƙi inda fistin ya fara taɓawa, amma babu tsaga, fuskar fistin ma lafiya. Na sassauta notin na ƙara shigar da sandar cikin kuroshed har baya ta zo 1.0, gaba 2.0. Hannu na biyu ya fi kusa, shi ma na daidaita shi.

Yaya, hular ba mu sa ba. Ban ma san aikinta ke nan ba, tana cikin akwatin kayan injin, na ɗauka murfin wani abu ne. Salatif na naɗe wa zaren, ashe ya yage a hanya. Ringi biyu sun yi zane, kuma a kofi na uku na sa mai yanka a karkace a gaba. Allah ya taimaka muna da saiti ɗaya a sito. Sandar ba ta kama farce ba. Agogon awo ya nuna 0.03 a gefe, 0.04 a sama, duka cikin iyakar littafin. Layin man fakin kuwa sai da na yi ta bugun famfon hannu kafin kumfa ta ƙare.

Na juya injin da hannu zagaye uku ba inda ya ɗaure. Mun kori iskar ciki da naitirojin kafin mu buɗe gas, na bi kowane murfi da ruwan sabulu, muka tayar ba nauyi na minti goma sannan muka ɗora a hankali. Awa shida ke nan tana aiki. Mataki na biyu 52, na uku 113, zafin na uku 111, bututun fakin ɗumi kaɗan, ƙwanƙwasa babu. Tambayar da ta rage mini: bushin ɗin kuroshed na hannu na farko, tunda ta yi kusan awa ɗaya a wancan hali, in buɗe in duba ko in bar shi?

Tsohon Hannu

Alhamdu lillahi, ɗana. Ka duba shi, amma ba sai ka zare fil ɗin yau ba. A tsayuwa ta gaba, bayan ka sauke matsi ka sa kwaɗo, buɗe murfin gefe ka taɓa kuroshed ɗin biyu ka gwada zafinsu da juna, ka duba ko akwai canjin launi a bakin fil ɗin, sannan ka ciro matatar mai ka yanka ta ka baza takardar a rana. Idan ka ga ƙyalƙyalin tagulla, to a zare fil ɗin a auna. A wannan tsayuwar dai, idan ta huce, ka sake bin notocin murafun bawul da na fakin da sifanar awo, don sabon gasket yakan ɗan kwanta bayan zafin farko. Notin kuroshed na hannu na farko shi ma ka sake duba shi da ƴan kusoshin da ke kulle shi, tunda ya sha bugu.

Awon nan da ka yi duka, ratar gaba da baya, kaɗawar sanda, gejin kowane mataki da zafinsa, ka rubuta su a littafin injin da kwanan wata da adadin awa. Idan ta cika awa 200 ka rage man, ka sake rubuta gejin, ka kawo mana nan mu gani.